Mu da Amsa Take

A unguwarmu yaro yakan iya amsa taken jam'iyya tun bai iya ɗaura zariyar wandonsa ba. Tsaya a bakin layi ka ɗaga murya ka ce "Kwankwasiyya!", kafin ka rufe baki wani ɗan mitsitsi da ke wasan langa ya cafe da "Amana!" Ka ce "PDP!", a ce maka "Pawa!" Shekarun baya kaɗan, in ka ce "Nijeriya!", har matan da ke cikin gida suna tankaɗe za ka jiyo sun amsa "Sai Baba!" ta saman katanga. Babu malamin da ya zaunar da mu ya biya mana wannan karatu. A iska muke shaƙarsa, daga lasifikar motar kamfe, daga bakin sojojin baka a rediyo bayan sallar isha'i, daga jikin katangar makarantar firamare da ake shafe rubutun wannan a ɗora na wancan.

Mu mutane ne masu son amshi. Da shi muka tashi: a makarantar allo malam ya biya mu amsa, a dandali zabiya ta bayar 'yan mata su karɓa, a gona mai gangar noma ya kira a amsa masa da fartanya. Saboda haka ɗan siyasar da ya samo kalma ɗaya mai daɗin faɗa, wadda bakin mutum dubu zai iya furtawa lokaci guda, ya gama rabin aikinsa a wurinmu. Ni kaina ina jin tsigar jikina na tashi idan taro ya amsa take da murya ɗaya, kuma ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Abin da ke damuna shi ne sau nawa muke tambayar abin da muka amsa.

Wannan magana ba ta taɓa mutuwa a majalisarmu ta ƙofar shagon tela. Akwai wani dattijo da duk layin ke kira Baba, wanda ya yi NEPU yana saurayi, ya yi PRP yana magidanci, har yau kuma in ransa ya yi daɗi da "Sawaba" yake gaisawa da tsofaffin abokansa. Samari sukan tsokane shi don su ji labari.

"Baba, wai ku me kuka ci a Sawabar nan? Ko taliya ba a raba muku ba."

"Kai ɗan nan, mu muke ba jam'iyya kuɗi. Katin NEPU saye muke yi da guminmu, mu ɓoye shi a cikin hula kada dogari ya gani."

Daga nan sai ya gyara zama, kuma wanda ke da sauri gara ya tashi tun da wuri. Abin da yake faɗa kuwa yana nan a tarihi. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma tun a farkon tafiyar ta fitar da takardar manufofinta da aka sani da sanarwar Sawaba, wadda ta fito fili ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa. Wanda ya ce "Sawaba" a wancan zamani ya san abin da yake nufi dalla-dalla: a sauƙaƙa haraji da jangali, a daina aikin tilas a gonar hakimi, a daina ɗaure mutum a kotun alƙali don ya yi wa mai sarauta gardama, a bar talaka ya zaɓi wakilinsa kai tsaye, a bar mace ta jefa ƙuri'a. Manomin da bai taɓa riƙe jarida ba yana iya lissafo maka waɗannan, domin a jikinsa yake jin su. Kalma ɗaya ce, amma da ita aka ɗaure wannan kaya duka, aka ɗora wa mutane suka kai shi ƙauyukan da mota ba ta zuwa.

Kuma faɗarta tana da tsada. Mutane sun sha bulala a kanta, sun yi zaman gidan yari, wasu an kore su daga garuruwansu. Hajiya Gambo ta Zariya har sunanta ya koma Gambo Sawaba, an ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ba ta fasa ba. Wanda zai sha duka a kan kalma, dole ya fara tambayar kansa ko kalmar ta kai a sha duka dominta. Ina ganin wannan ne ya sa mutanen wancan lokaci suka fi mu sanin abin da ke cikin takensu.

Ɗaya ɓangaren ma ba holoƙo suke amsawa ba. NPC ta Sardauna tana cewa "Salama", alamarta fartanya, kirarinta kuwa Arewa ɗaya, al'umma ɗaya. Shi ma wannan aƙida ce cikakkiya: a bi a hankali, kada a rushe sarauta da tsarin da aka gada, a haɗa kai a kamo Kudu a ilimi da aikin gwamnati kafin a fara rigimar cikin gida. Akwai wani maƙwabcinmu da mahaifinsa ya yi NPC, duk lokacin da Baba ya zaƙe sai ya ce, "Baba, a yi mana adalci. Su wa suka gina jami'ar Zariya a 1962?" Baba ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Sun gina. Su wa kuma suka sa talaka ya san yana da bakin magana?" A nan ake tsayawa kullum, kowa da gaskiyarsa. Abin da nake lura da shi a wannan musu shi ne dukansu biyun a kan ra'ayi suke jayayya. Mai Salama da mai Sawaba sun saɓa a kan yadda ya kamata a mallaki jama'a, kuma kowanne ya san inda suka rabu.

Wani tela ɗan Maraɗi da ke aiki a shagon yakan sa baki a nan, ya ce mu daina ɗauka mu kaɗai ne muka san Sawaba. A Nijar jam'iyyar Djibo Bakary da wannan suna aka san ta, ita ce ta ce a kaɗa ƙuri'ar "a'a" ga Faransa a zaɓen raba-gardama na 1958, aka haramta ta a 1959. Da siyasar jam'iyyu ta dawo can a farkon shekarun 1990, sai kusan kowace jam'iyya ta liƙa wa sunanta na Faransanci kalmar gida: MNSD Nasara, PNDS Tarayya, CDS Rahama, ANDP Zaman Lahiya. Ya ce a ƙauyensu tsohuwa ba ta san harufan ba, amma ta san ita 'yar Rahama ce ko 'yar Tarayya. Haka muke, ko ta wane gefen iyaka.

A jamhuriya ta biyu aka ga abin da take ke iya yi idan ya hau kujera. PRP ta Malam Aminu Kano ta fito da "Nasara" da alamar mabuɗi, NPN na cewa "Aminci" da gida da masara. A 1979 PRP ta ci Kano da Kaduna, kuma Abubakar Rimi da Balarabe Musa suna hawa suka soke haraji da jangali. Abin da aka yi kusan shekara talatin ana shan bulala a kansa, sai ga shi an zartar. Baba ya ce a ranar ya ga manya suna kuka da hawaye, mutanen da suka taɓa kwana a dawa don gudun mai karɓar haraji. Idan ana neman shaidar cewa take na iya zama alƙawari, alƙawarin kuma a cika shi, to ga ta nan a garinmu, ba a wata ƙasa ba.

Amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ba na yarda a wanke jiya tas don a ɓata yau. Waɗannan kalmomi masu nauyi sun raba zumunci. An yi gidajen da wa da ƙane suka daina gaisawa, an yi auren da ya mutu saboda suruki ɗan wata jam'iyya ne, an yi mutanen da suka ƙi bin liman sallah don sun ji inda ya karkata. PRP ɗin ma ba ta daɗe ba ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, mutanen da jiya suke amsa "Nasara" da baki ɗaya suka koma jifan juna da sunaye, har Malam ya rasu a Afrilun 1983 ɓarakar ba ta ɗinke ba. Shi ya sa maganar Waziri Ibrahim na GNPP, siyasa ba da gaba ba, ta fi jam'iyyarsa tsawon rai. GNPP jihohi biyu ta ci a 1979, Barno da Gongola, ta shuɗe tuntuni, amma har gobe in musu ya yi zafi a teburin mai shayi za ka ji wani ya ce, "Haba jama'a, siyasa ba da gaba ba," kuma sai ka ga an sassauta murya. Yawancin samarin da ke faɗarta ba su san mai ita ba, tana dai yi musu aiki.

To yaushe muka koma "sai wane"? A nan ne nake ganin abin ya juya. Taken da muka fi amsawa a shekarun nan sunan mutum ne. Sai Buhari, sai Mai Gaskiya, sai Baba. Kwankwasiyya, Gandujiyya, kowane babba da "iyya" tasa a ƙarshen suna, kowane ɗan takarar kansila da 'yar tasa. Ban ce sunan mutum ba ya ɗauke da ra'ayi ba. Wanda ya ce "Mai Gaskiya" yana faɗin wani abu babba: cewa ciwon ƙasar nan sata ce, maganinta kuma mutum ɗaya mai tsabtar hannu. Mai jar hular Kwankwasiyya in ka zaunar da shi zai kawo maka maganar ɗaliban da aka tura karatu waje da ciyar da 'yan firamare, zai ma tuna maka cewa jar hular daga Malam Aminu aka aro ta. Akwai aƙida a ciki. Sai dai aƙidar tana rataye a wuyan mutum guda. In ya sauya jam'iyya mu bi shi, in ya shirya da wanda jiya ya ce mana azzalumi ne mu tafa, in suka sake ɓatawa mu koma zagi. Dubi jar hular nan da idonka: ta zauna a PDP, ta shiga APC, ta koma PDP, ta wuce NNPP, amshin bai canza ba ko sau ɗaya. Su ma na wancan gefen haka suke, kada wani ya ce na ware nasa. Kalmar da aka tsira da ita tana nan, ma'aunin da za a auna mai ita da shi ne babu.

"Canji" kuwa ta shiga ko'ina a 2015. Na ga tsofaffi suna ɗaga tsintsiya sama, na ga 'yan kasuwa suna yi wa mai saye ragi don ya amsa. Kuma wallahi akwai dalili: bama-bamai na tashi a tashoshin mota, an kai hari babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, mutane sun gaji da binne 'yan'uwa. Kano kaɗai ta ba Buhari ƙuri'a sama da miliyan 1.9. Amma da za ka bi layinmu gida-gida a lokacin ka tambayi kowa canjin me yake nufi, da ka ji amsa iri-iri. Mai shayi yana nufin sukari da madara su sauko. Malamin makaranta yana nufin albashi a kan kari. Mahaifiyar da ɗanta ke aikin soja a Barno tana nufin ya dawo da rai. Saurayi yana nufin a kama ɓarayin gwamnati a ɗaure. Ƙarfin kalmar ke nan, kowa ya zuba nasa a ciki, kuma rauninta ke nan, domin ba a yi wa kowa alƙawarin nasa da baki ba. Da litar fetur ta tashi daga naira 86 da rabi zuwa 145 a Mayun 2016, aka fara jin wani irin "canji" a majalisa, wanda ake faɗa da jan numfashi. A 2019 aka zo da "huɗu da huɗu", muka ɗaga yatsu takwas. A 2023 aka zo da sabunta fata, ranar rantsuwa aka ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500.

Abin mamaki, mu ɗin nan ba a yi mana haka a kasuwa. Je kasuwar Dawanau ka ga yadda magidanci ke sayen buhun masara. Rubutun jikin buhu ba ya ruɗarsa. Sai an soka an zaro, ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya ciza ya ji ko ta bushe, ya sa a soka ta ƙasa kada a yi masa kyan sama. Mutumin da ya yi wannan bincike a kan abincin wata guda, shi ne zai miƙa shekara huɗu ta rayuwar 'ya'yansa saboda rubutun da ke jikin buhu ya yi masa daɗin faɗa. Mu ne muka ce ba a cinikin biri a sama, mu ne kuma muke yi duk kakar zaɓe.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne "sak". An ce mana a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, kada a tsaya duba fuska. Muka yi. Aka wayi gari akwai 'yan majalisar da mazaɓarsu ba ta san kamanninsu ba, sun haye a inuwar mutum ɗaya, kuma sun san ba mu muka kai su ba, guguwa ce. Wanda guguwa ta kai, me zai dawo yi wurin mai ƙuri'a? Gajeriyar kalma ta ɗauke mana wahalar tunani a kan kujeru biyar, mu kuma muka ji daɗin sauƙin.

Duk da haka akwai taken da nake yi wa kallon alheri, kuma daga gida ɗaya ya fito da "sak": a kasa, a tsare, a raka. Wannan bai yabi kowa ba, aiki ya ba mu. Ka jefa ƙuri'arka, ka tsaya a ƙirga a gabanka, ka bi akwati har inda za a tattara. Na ga abin da ya yi a rumfar zaɓen layinmu. Mutanen da a da suke jefawa su koma gida su ce Allah ya zaɓa mana, sai ga su zaune har dare da fitilar waya, ana ɗaga takarda suna ƙirgawa da baki ɗaya. Yau magoya bayan kowace jam'iyya suna yin haka, har da waɗanda aka ƙirƙiro taken don a kayar da su. Ya koya wa talaka cewa ƙuri'arsa dukiya ce da ake gadi, kuma wannan darasi ya zauna.

Mata kuwa nasu zancen daban ne, kuma sau da yawa ya fi namu tsagwaron gaskiya. Sai a ƙarshen shekarun 1970 matan Arewa suka samu ƙuri'a, yau ga shi su ne ke cika layi tun da sassafe. A gidan suna na ji wata tana ce wa yayarta, "Yaya, ni fa na karɓi atamfar, na karɓi taliyar, na amsa musu taken har da guɗa. Amma da na shiga akwati, wanda ya gyara mana asibitin haihuwa na dangwala wa." Yayar ta ce, "Ke dai ki ji tsoron Allah, kin ci kayan mutane." Ta ce, "Kayanmu ne, Yaya, ragowar canjinmu aka dawo mana da shi." Ban goyi bayan karɓar taliya ba, domin ita ce ke sa ɗan takara ya ɗauka ya biya mu ya gama. Amma na fahimci cewa ba duk mai amsa take ne ɗan amshin Shata ba. Wasu bakinsu na amsawa, idonsu na kan rijiyar burtsatse da allurar yara.

Kalmomin nan ma ba sa tafiya in zaɓe ya wuce, sukan zauna da mu su canza sana'a. "Tazarce" ta zamanin Abacha, lokacin da jam'iyyu biyar suka tsayar da shi shi kaɗai a 1998, ta koma sunan doguwar riga a wurin teloli, ta kuma tsallaka Nijar a 2009 lokacin da shugaba Tandja ya nemi zarcewa, abin da ya ƙare da juyin mulki a Fabrairun 2010. A Daidaita Sahu shiri ne na gyaran tarbiyya da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo, yau yaro ya san ta ne a matsayin keke mai ƙafa uku da ke kai shi Sabon Gari.

Kwanakin baya maganar take ta sake tashi a majalisarmu, saboda an fara ganin sababbin fastoci a jikin turakun lantarki. Wani saurayi mai gyaran waya ya ce shi ya daina amsa wa kowa, duk bakinsu ɗaya. Baba bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan.

"Ɗana, kada ka yi haka. In ka yi shiru wani zai amsa a madadinka, kuma da kai za a sha wahalar. Ka amsa, amma ka sa a fassara maka tukuna."

"Baba, wa zai tsaya ya fassara mini? Daga saman mota suke magana."

"Na saman mota ba naka ba ne. Kansila fa? Ɗan majalisar jiha fa? Ba nan layin suke zuwa gaisuwar mutuwa ba?"

Shawarar da majalisa ta tsayar ke nan, kuma ni ina cikin masu goyon baya. Duk ɗan takarar da ya zo neman mu tara masa jama'a, za a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, a bar shi ya rera takensa, yara su amsa masa. Daga nan sai malamin makarantar nan ya ɗauko littafi ya karanto masa abu uku: kwatar da ke cika mana gidaje duk damina, ajin firamaren da rufinsa ya yaye yara ke zama a ƙasa, da taransifomar da muke haɗa kuɗin gyara da kanmu. A tambaye shi wanne ne a ciki takensa ya ɗauka, a wace shekara, da wane kuɗi, ya faɗa a rubuta a gaban shaidu. Maƙwabcinmu ɗan gidan NPC ya ce ba za su sake zuwa ba in suka ji labarin littafin. Tela ɗan Maraɗi ya ce za su zo, ƙuri'ar layin nan ta fi ƙarfin a yi fushi da ita. Mai shayi ya ɗauki nauyin sayen littafin, malam kuma ya ce a ƙara maganar maganin sauro a shafi na biyu, tunda matan layin sun aiko da saƙo cewa in ba a sa ta ba, ba za su fito ba.